Kawuna Magini da Soron da Ya Faɗi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na ciyawa da ke bayan kasuwar Azare. Ƙarshen bazara ne, kullum da yamma hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, ruwa bai sauka ba tukuna. Magini ne. Da gangan na sa wannan kalma a farko, domin yawancin waɗanda suka zo gaisuwa ba su san shi da ita ba. Abin da suka sani shi ne wani tsoho mai cura tubali a bakin kududdufi.

Wani mahauci ya riƙe hannuna ya ce, "Allahu akbar! Ashe tsohon nan yana da rai duk shekarun nan? Allah ya jiƙansa." Na ce amin. Tsofaffin magina suka zo tare, suka zauna can ƙarshen tabarma suna kallon yatsun ƙafafunsu. Ɗayansu ya ce a hankali, "An yi hannu a garin nan." Sauran suka gyaɗa kai. Ban san abin da ya hana su faɗin haka yana raye ba. Daga cikin gida kuma muna jin kukan wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da busasshen kifi. Ba danginmu ba ce, amma ta yi kukan da har Inna, matar Kawu, ta koma tana ba ta haƙuri.

Ana shirin sallah sai ga Alhaji cikin farar babbar riga, yaransa a bayansa. Alhaji ɗan baffan Kawu ne, babban mai sayen gyaɗa. A bisa zumunci shi ma kawuna ne, amma bakina ya ƙi kiransa haka, don haka Alhaji zan ce.

Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda bawan Allahn nan ya ɓata wa, ya yafe masa."

Kowa ya ce ya yafe a ƙasan maƙoshi, kamar yadda aka saba. Alhaji kuwa sai ya gyara murya.

"Malam, a shaida. Kowa ya san abin da ke tsakanina da Yaya. Jinin 'yata da ke wuyansa, na yafe masa duniya da lahira."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji!"

"Kai, wannan shi ne zumunci!"

Ina sahun gaba. Kawu yana kwance a gabana cikin likkafanin da na ɗinka masa da hannuna, ba shi da bakin cewa komai. Ban san yadda na yi kabbarorin nan ba, har yau ina shakkar ko sallata ta yi. Abin da na sani shi ne an binne Kawu da sunan wanda ya kashe yarinya, kuma wanda ya liƙa masa sunan ya tafi gida ana shi masa albarka.

Ni tela ne, karatuna bai wuce Elementare ba, kuma mutum ne ni mai yawan tsoron kuskure. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na je wurin malaminmu na tambaye shi ko wannan rubutu giba ne. Ya ce wanke sunan mamaci ba giba ba ne, amma in tsaya kan abin da na sani. Na koma na sake tambayarsa, ya ce in tafi in bar shi ya yi alwala. To, ba zan ambaci sunan kowa ba. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini. Amma kada wani ya ɗauka da sanyin zuciya nake rubutun nan.

A Katagum aka haifi Kawu. Yana saurayi ya biyo magina zuwa Azare, lokacin da sarauta ta dawo nan ake ta gine-gine. Har ya mutu bai daina kushe ƙasarmu ba. Yakan murza ta a tafin hannu ya ce, "Yashi ya yi mata yawa. Ta bakin kogi a gida, in ka cura ta, sai ka ji kamar ka ci."

Duk ɗakin da ya shiga, kafin ya gama sallama idonsa yana sama yana duba azara, wato giginyar da ake tsagawa a shimfiɗa a kan bango ta ɗauki ƙasar rufi. Inna takan ce, "Malam, mutane ake fara gaisarwa, ba itace ba." Sai ya ce, "Mutanen ai suna ƙarƙashin itacen." In rufin bai yi masa ba, ba zai ce komai ba a gaban baƙi, sai dai ya ja buzunsa ya zauna a bakin ƙofa. Masu gida da yawa sun gane matsalar ɗakinsu ne daga inda Kawu ya zauna.

Na sha tsayawa ina kallonsa a kan bango. Daga ƙasa ake jefa masa tubali, shi yana zaune a sama kamar kan doki, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ba ya miƙa hannu ya cafke kamar sauran magina. Jira yake yi. Ya ce mini, "Duba da kyau. In aka jefo shi yana tahowa da gudu, sai ya rage, sai ya tsaya cak a iska kafin ya tuna da gida. A nan ake ɗaukarsa, ba shi da nauyi ko na ƙwai. In ka bari ya juya, ya fi ƙarfin yatsunka." Kuma yakan ce, "Duk ƙasar da ka ɗaga sama, komawa take son yi. Mu aikinmu mu lallashe ta ta daɗe. Ba mu taɓa cin ta da yaƙi ba."

Da gyaɗa ta buɗe wa Alhaji, ya so ya yi zauren soro irin na manya. Kawu ya kira. Kawu bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya tafi wajen Katagum ya zaɓo giginya, kuma Inna ta gaya mini kowace azara sai da ya ƙwanƙwasa ta ya kara kunne kafin a ɗora. Zaure ya yi kyau, har daga Misau fatake sukan tsaya su kalla. Da ya gama ya bar wa Alhaji magana ɗaya. Kowace shekara kafin ruwa ana sake yaɓen rufi don kada ya yi yoyo, wannan kowa ya sani. Kawu ya ce kafin a sa sabon yaɓe a kankare tsohon tukuna a sauke shi, domin ya auna azarar ne da nauyin da ya ɗora mata, ba da wanda za a ƙara ba.

Ba na nan ya faɗi haka. Amma rigimar da ta biyo baya a gabana aka yi ta. Shekaru sun ɗan ja, ni har na fara zama a kan keken ɗinki. Muna dawowa daga masallaci da Kawu sai muka ga jakuna suna sauke ƙasa a ƙofar Alhaji, ana cuɗawa ana hawa da ita. Kawu ya tsaya ya duba hagu ya duba dama.

"Ƙanena, ina tsohuwar da aka kankare?"

Alhaji yana kan kujera yana cin goro. Ya ce, "Yaya, ni ba matsiyaci ba ne da zan riƙa kankare rufi kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. Kauri ai shi ne ƙarfi. Tun da nake ƙarawa ko ɗigo bai taɓa zubo mini ba."

"Ba zai ɗigo ba. Gaba ɗaya zai zo."

"A'uzubillahi! Baki za ka yi mini a ƙofar gidana?"

"Ba baki ba ne. Ƙasar nan in ta sha ruwa nauyinta ninkuwa yake. Ga gyaɗa kuma na ji kana shanyawa a kai. Ka ba ni yini ɗaya in sauke maka."

Alhaji ya yi dariya ya dubi mutanensa. "Kun ji ko? Aiki ya yanke wa Yaya, yana neman na yini ɗaya. Ku ba shi goro."

Kawu bai karɓi goron ba. Shekara ta zagayo ya sake komawa, aka ce masa Alhaji yana barci. Wata shekarar aka ce ya tafi Kano.

A lokacin yaƙin Turawan nan da aka kwashi samari zuwa ƙasar Bama, aka yi wani ruwa tun safe har bayan azahar bai ɗauke ba. 'Yar autar Alhaji, yarinyar da ko wankan kanta ba ta iya ba, ta bi ɗan akuyarta cikin zaure. Waɗanda ke kusa sun ce ba su ji wata ƙara ba sai guda ɗaya, kamar an buga babbar ganga an danne. Da muka iso mutane sun cika wurin suna salati, kowa yana tsoron sauran bangon. Kawu ya tuɓe riga ya shiga. Ya hana a sa fartanya don kada a sare ta. Da hannu ya yi ta tona har faratansa suka ɓare, shi ya fito da ita a kafaɗarsa, ya share mata fuska da hularsa kafin ya miƙa wa ubanta.

Bayan makoki dattawan unguwa da manyan magina suka zauna a ƙofar Alhaji don a san abin da ya faru. Ruwa ya riga ya narkar da ƙasar rufin ta zama tudun laka, babu mai iya gane kaurinta. Alhaji ya fito da wani guntun azara da gara ta cinye, ya jefa a tsakiyar tabarma. Ya ce, "Ga abin da ɗan'uwana ya ɗora a kan iyalina." Ko daga zauren nan guntun ya fito, ko daga wani tsohon kango, ban sani ba, kuma ba zan rantse ba. Na dai ga Kawu ya ɗauke shi ya juya, ya sansana, ya ajiye can gefe.

Zana ce kawai tsakaninmu da cikin gida, domin zauren da ke tare idon mutane ya tafi. Muna jin uwar yarinyar a bayan zanar, ta gaji da kuka sai nishi.

Babban dattijo ya ce, "Malam, me ka ce?"

Kawu ya daɗe yana kallon zanar nan. Sannan ya ce, "Ni na gina shi."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Wallahi a gabana..."

"Zauna," in ji Kawu. "Ba a kira tela ba."

A hanya ya kama ni a wuyan hannu da yatsun nan nasa masu ciwo. Ya ce, "Matar nan ta rasa 'ya. In aka ce mata mijinta ne, da wa za ta ci gaba da zama? Ni in ta tsine mini, ba gida ɗaya muke kwana ba. Muddin ina raye ba za ka buɗe baki ba. Ka ji?" Na ce na ji.

Ta kuwa tsine masa. Ba ta sake taka gidanmu ba, suna ko biki ko mutuwa. In ya bi ta ƙofarsu, sai a turo yara su tofar da yawu. Babu wanda ya sake kiransa gini a Azare, waɗanda suka fara maganar aiki da shi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke zama a kan bango ana jefo masa tubali ya koma bakin kududdufi yana cura wa yaransa na da. Da nasa soron ya tsufa ya sauke shi ya yi na ciyawa, ya ce ba zai sake ɗaga ƙasa sama da kan mutum ba. Amma duk ranar ruwan farko sai ya yafa buhu ya zaga gari, ya tsaya nesa da gidajen da ya gina yana kallon ko ruwa yana fita ta indararo yadda ya kamata. Ba ya sallama. Kallo kawai yake yi ya wuce.

Babarbariyar nan mai kifi, wata damina ɗakinta ya zube, ba ta da ɗa ba ta da miji. Kawu ya je ba a kira shi ba ya tayar mata da bango ya yi mata jinka. Maƙwabta suka ce mata ta yi hankali. Ta ce, "Ku da kuke da hankalin, wa ya kawo mini tubali ko ɗaya?" Daga nan duk wanda ya taya kifinta sai ta gaya masa, "Mai kisan nan ne ya gina mini, ga ni kuwa ina cinikina." Har Kawu ya mutu miyar Inna ba ta rasa kan kifi ba.

Da ƙarfinsa ya ragu yakan zo rumfata ya zauna yana kallon ƙafata a kan keke. Wata rana almakashina ya suɓuce ya faɗi, sai na tuna abin da malaminmu na Elementare ya taɓa gaya mana, na ce bari in ba Kawu labari. Na ce Malam ya ce ba haka kawai abu yake faɗuwa ba, ƙasa ce take jansa. Kuma ba ƙasa kaɗai ba, kowane abu yana jan kowane abu, sai dai gwargwadon girman abu gwargwadon jansa, kuma in ya yi nisa jan yana raguwa. Na ce har wata ma jan duniya ne yake riƙe da shi, gudun da yake yi ne ya hana shi faɗowa.

Na zaci zai yi mini dariya. Sai ya gyara zama.

"Tsaya. Tubali biyu a bakin kududdufi, suna jan juna?"

"Haka Malam ya ce, Kawu. Amma kaɗan ne, ba a gani."

"Ni da Innarku fa?"

"Har ku."

"To wannan ba sai Malam ya faɗa ba. Shekara nawa ina son in koma Katagum ta hana ni." Ya yi dariya har da tari. Da ya lafa ya ce, "Ita ƙasar rufi, ashe ba ita ke son sauka ba? Kiran ta ake yi daga ƙasa?"

Na ce dukansu biyu ne, kowacce tana jan 'yar'uwarta, amma babbar ta fi ƙarfi.

"Kuma in ka ƙara mata yawa, kiran ya ƙaru."

"Haka ne."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Azara ce a tsakani, baiwar Allah. Ba ta ci ba ba ta sha ba." Daga ranar duk wanda ya zauna a rumfar sai Kawu ya gaya masa cewa shi da bencin da yake kai suna jan juna, mutane suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ni kuwa wani abu na ɗauka daga hirar. Na gane dalilin da ya sa ranar zaman nan duk dattawa suka karkata wajen Alhaji. Ya fi Kawu girma, shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya faru bayan an tashi zaman makokin Kawu.

Alhaji ya daɗe da sake zaurensa, wani magini daga Misau ya yi masa. Kuma kowace shekara ina ganin jakuna suna kai ƙasa ƙofarsa, ban taɓa ganin an fitar da tsohuwa ba. Ya faɗi ƙaryar gara har shi kansa ya yarda da ita. Makon da muka binne Kawu, sai ga jakunan sun sake zuwa. A zauren nan jikokinsa suke wasa.

Barci ya ƙaurace mini. Kawu ya ce muddin yana raye, to ba ya raye, wannan na juya shi ta kowace fuska na ga alkawarina ya cika. Amma matar da ya rufa wa asiri tana nan da ranta. Wata zuciyar kuma ta ce in yi shiru in bar damina ta yi mini aiki, in zaure na biyu ya faɗi kowa zai gane. Na nemi tsari daga wannan tunani, saboda yaran. Sai dai ba zan ce saboda yaran kaɗai na tashi ba. Ina son in ga fuskar Alhaji.

Ranar kasuwa da hantsi na je, lokacin da ƙofarsa ta fi cika da masu kawo gyaɗa da masu gaisuwa. Na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Alhaji, ƙasar rufin nan ta yi yawa. Ina tsoron ta."

"Kai kuma me ba ka tsoro?" Aka yi dariya. "Tela, koma kan kekenka. Ciwon kawunka ne ya taso maka?"

"A bar ni in duba."

Kowa a unguwar ya san ko kan jaki ba na son hawa. Alhaji ya nuna tsanin masu yaɓe da ke jingine da bango. Ya ce, "Ga tsani nan. Hau ka gani, in ka faɗo mu yafe maka kai ma."

Na ce, "Jama'a, kun ji ya ba ni izini?" Suka ce sun ji, suna dariya.

Na karɓi dagi a hannun wani mai yaɓe. Kafin mutum ya hau rufi dole ya sanar da matan gida su kimtsa, don haka na ɗaga murya na ce, "Gafara dai masu gida, za a hau sama!" Na sake faɗa, na kuma sakewa, don kada a ce ban faɗa ba. Sannan na hau. Ban dubi ƙasa ba ko sau ɗaya.

A gefen rufin na fara sara. Na yi tsammanin in dagi ya shiga taƙi ɗaya, kamar tsawon tafin hannu, zan ji itace. Ya shiga taƙi ɗaya, ƙasa ce. Na faɗaɗa ramin na zura hannu har gwiwar hannu, ƙasa ce. Sai da kafaɗata ta kusa shiga na taɓa azara, kuma da na shafa ta na ji ta lanƙwashe kamar bakan maharbi. Na yanko wani babban gutsure daga sama har ƙasa. Yaɓen kowace shekara ya fito daban, wani ja, wani fari, wani baƙi, kamar yadudduka da aka jera a kanti. Na mirgina shi zuwa baki na ce a matsa, na sake shi.

Ya faɗi a gaban kujerar Alhaji. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe masa farar riga. Dariya ta ɗauke.

Wani tsohon magini ya durƙusa ya auna gutsuren da hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi zauren, ya ce, "A fito da yaran nan. Yanzu."

Ina saukowa na gan ta. Uwar yarinyar, ta tsufa ta ranƙwafa, ta ji kirana ta fito har bakin zaure da mayafi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daɗe tana kallon gutsuren nan. Ta sa yatsa tana bin layukan.

"Alhaji, wancan ma haka kake ƙara masa?"

"Shiga gida."

"Tambayarka na yi."

"Gara ce ta ci wancan, kowa ya sani. Shiga gida, ga maza."

Ba ta motsa ba. Ta ce, ba da ƙarfi ba, amma duk mun ji, "Kowace shekara suna hawa da ƙasa. Ni nake dama musu fura. Ban taɓa ganin sun sauko da komai ba." Ta dube ni. "Kawunka ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Goggo. Ya yi ta zuwa ana korarsa."

"Me ya hana shi faɗa?"

"Ke."

Ta zauna a ƙasa a wurin, a gaban masu gyaɗa da jakuna. Ba ta yi kuka ba. Da na san haka fuskarta za ta zama, ban sani ba ko zan hau tsanin nan. Ina jin zan hau.

Washegari ta zo gidanmu. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kawu. Inna ta bar ta a durƙushe har rana ta taɓa ta, sannan ta kama hannunta ta ce, "Tashi. Bai taɓa riƙe ki ba." Daga nan ba ta koma gidan Alhaji ba, ta wuce Chinade wurin ɗanta, har yau tana can.

Da ta tafi Inna ta kira ni. Ta ce, "Kawunka ya ɗauki abin nan shekara da shekaru bai ce ya gaji ba. Kai ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ka jefar da shi a kan tsohuwa." Na ce, "Inna, Alhaji ya ce ya yafe masa. A gaban gawa." Ta ce, "Na ji da kunnena daga ciki." Ta tura mini ƙwaryar tuwo, kuma ta sa mini nama fiye da yadda ta saba.

An sauke ƙasar zauren kafin ruwa, jakuna suka yi ta kwasa. Mahaucin nan ya tare ni a kasuwa ya ce in nuna masa gidajen da marigayi ya gina, na zaga da shi, duk suna tsaye. Alhaji bai ce wa kowa ya yi ƙarya ba. Ya aiko mini da ɗan aike wai in zo mu sasanta, mu 'yan'uwa ne. Na ce a gaya masa ni ba ni aka yi wa ba, wanda aka yi wa yana maƙabarta, hanyar ba ta da nisa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sauƙaƙa masa matsin kabari, ya haɗa shi da yarinyar da ya tono da hannunsa. Na tambayi malaminmu ko dole ne in yi wa Alhaji addu'a, ya ce ya fi kyau. To, na yi. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido da ta kunne, ya daɗe yana ratsa kasuwar Azare ana yin shiru in ya iso.